Tambayoyinku da Amsoshinmu: Horar da Yara Ƙwallon Kwando a Zamanin Wayar Hannu

Wasiƙun da suka zo mana a wannan wata kan ƙwallon kwando sun fi na kowane lokaci yawa, kuma akasarinsu daga birnin Damagaram da garuruwan da ke kewaye da shi suka fito. Mun miƙa su ga mai amsa mana tambayoyin wasanni, wanda ya daɗe yana horar da yara a filayen siminti na Zinder. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare ta CEG, kuma da yamma ina horar da yara kusan talatin, masu shekara goma zuwa sha huɗu. Damuwata ita ce duk yaron da ƙwallo ya shiga hannunsa sai ya ja da baya can bayan layin maki uku ya wurga, yana cewa shi ne Curry, tauraron wasan na Amurka. Abin da suke kallo a waya ke nan dare da rana. Ba sa miƙa wa juna ƙwallo, kuma cikin jifa goma da ƙyar ɗaya ke taɓa zobe. In hana su kallon waya ne, ko in ƙyale su tunda an ce haka wasan zamani yake? Daga malamin makaranta, Garin Malam.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri kan lokacin da kake ba yaran nan bayan an tashi daga aiki. Gaskiya ne wasan ya sauya. Layin maki uku bai shiga gasar NBA ta Amurka ba sai a 1979, hukumar FIBA ta duniya kuma ta karɓe shi a 1984, kuma an yi shekaru ana ɗaukarsa makamin da ake zarowa idan lokaci ya ƙure. Yau manyan ƙungiyoyi a kansa suke gina dabarunsu, domin lissafin a fili yake: wanda ya ci huɗu cikin goma daga nesa ya tara maki 12, daidai da wanda ya ci shida cikin goma daga kusa. Saboda haka yaranka ba su yi ƙarya ba da suka ce haka ake wasa yanzu, sai dai ƙarshen aikin suka gani a waya, ba a nuna musu farkonsa ba.

Ka dubi nauyin da muke ɗora wa ɗan shekara goma sha ɗaya. Zoben manya yana mita 3.05 daga ƙasa, layin maki uku na FIBA yana nisan mita 6.75, ƙwallon maza mai lamba 7 kuma nauyinsa kimanin giram 600 ne. Hannun yaro ba shi da ƙarfin kai wannan nauyi wannan nisa, don haka sai ya nemo ƙarfin daga inda bai kamata ba: ya sauke ƙwallon zuwa ƙugu, ya murɗa kafaɗa, ya tura da hannu biyu, ya faɗa gaba. Ranar da ƙwallon ya shiga aka yi masa tafi, jikinsa ya haddace kuskuren, kuma gyaran jifan da ya riga ya zauna a jiki ya fi koyar da sabo wuya nesa ba kusa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma kuma tun yana ɗanye yake karkacewa.

Ka ba su labarin wanda suke kwaikwayo. Stephen Curry, wanda a watan Disamba na 2021 ya zarce Ray Allen ya zama wanda ya fi kowa cin jifan maki uku a tarihin NBA, daga ƙasa yake cilla ƙwallo lokacin da yake sakandare, saboda ƙanƙantar jiki. Mahaifinsa Dell Curry, wanda shi ma ya yi kaka 16 a NBA, ya sa shi ya rushe wannan salo a wani dogon hutu, ya koma gindin kwando yana koyon ɗaga ƙwallo sama da kai, yana matsawa baya kaɗan-kaɗan. Wannan ɓangaren ba a sa shi a gajeren bidiyo, domin ba shi da daɗin kallo.

Shawarata ta farko ita ce ka sauko da wasan zuwa tsawon yaran. A wasan ƙanana da ake kira mini-basket ana sa zobe a mita 2.60, ana kuma amfani da ƙwallo mai lamba 5. Su kansu Amurkawa, a ƙa'idojin da NBA da hukumar ƙwallon kwando ta ƙasarsu suka fitar a 2018, sun ba da shawarar a rage tsawon zobe ga yara har zuwa shekara 11, kada kuma a lissafa musu maki uku. Idan masu wasan sun yarda da haka, ban ga dalilin da zai sa mu a Zinder mu dage sai yaro ya yi wasa da kayan manya ba. Wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kowane mai walda na gari zai iya lanƙwasa maka zobe mai faɗin santimita 45, a ɗaura shi a allon katako, a kafa a gefen fili, amma ka tabbata sandar ta kafu sosai, kuma a goge kaifin ƙarfen. Sannan ka kafa doka: kowane yaro zai fara jifansa daga taku ɗaya gaban zobe, da hannu ɗaya, gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo, ƙarfi yana tasowa daga ƙafa, kuma ba zai ja baya taku ɗaya ba sai ya ci biyar a jere. Yara suna son gasa, za ka ga sun mayar da abin tsere a tsakaninsu. Haka nan taku biyun da suke kira dubul-pa, su yi shi da hannun hagu daidai yawan da suka yi da na dama.

Game da yawan da suke da shi, yara talatin a wasan biyar da biyar na nufin ashirin suna zaune, kuma cikin goman da ke fili ma uku ne ke taɓa ƙwallo. Ka raba su uku-uku, kowane kwando da wasansa, wanda aka ci ya fita wasu su shiga. Wasan uku da uku ba abin raini ba ne, ya shiga gasar Olamfik tun wasannin Tokyo da aka yi a 2021, ana yinsa a rabin fili da kwando ɗaya, minti goma ko wanda ya riga kai maki 21. A cikinsa babu wurin ɓuya, dole kowane yaro ya yi tsaro, ya karɓa, ya miƙa, ya jefa. Wani lokaci ka hana buga ƙwallo da ƙasa gaba ɗaya na minti biyar, ka ga yadda tilas za ta koya musu gudu zuwa inda babu kowa da ɗaga kai su nemi ɗan'uwa.

Waya kuwa, ban ba ka shawarar ka yi faɗa da ita ba, domin ba za ka yi nasara ba, kuma tana da amfanin da mu ba mu samu ba muna yara. Mu da kunne muka koyi wasan, daga bakin wanda ya taɓa gani. Abin da ke ɓata yaran shi ne guntayen bidiyo na daƙiƙa ashirin, waɗanda aka tsince jifan da ya shiga aka zubar da wanda bai shiga ba. Ka sauko da cikakken zango ɗaya na wasa, minti goma, ku zauna ku kalla tare, ka ba kowane yaro ɗan wasa ɗaya ya bi da ido, musamman lokacin da ƙwallo ba ya hannunsa, sannan ka tambaye shi sau nawa mutuminsa ya miƙa kuma sau nawa ya jefa. Bayan haka ka ɗauki jifan kowannensu da wayarka daga gefe, ka nuna masa. Yaron da ka yi wata uku kana gaya masa gwiwar hannunsa tana fita waje yana musu, da ya ga kansa sau ɗaya zai yi shiru ya gyara. Sai dai hoton yaran mutane amana ne, kada ya fita daga wayarka zuwa Facebook ko TikTok ba da izinin iyayensu ba.

Tambaya: Baba, shekarata sha biyar. Abokaina na fada sun ce idan na ɗaga ƙarfe ba zan ƙara tsawo ba, wasu kuma sun ce lilo a jikin zobe ne ke ƙara tsawo. Kuma gwiwata tana ciwo a ƙasan ƙoƙo, har wurin ya ɗan tasa. Daga ɗalibi, Kara-Kara.

Amsa: Ɗana, tsawo gado ne daga iyaye, abinci da barci da lafiya ne ke taimaka masa ya kai inda aka rubuta masa. Lilo a zobe ba ya ƙara ko ɗan yatsa, sai dai ya karya zoben da kowa ke amfani da shi. Ƙarfafa jiki da nauyi madaidaici a gaban wanda ya san aikin ba ya tsayar da girma. Abin tsoro shi ne gasar ɗaga siminti da ƙarafan mota da samari ke yi don a ga wa ya fi wani, wanda ke iya raunata baya da gaɓoɓin da ba su gama ƙwari ba. A shekarunka nauyin jikinka ya ishe ka: tsugunno da miƙewa, ɗaga jiki da hannuwa, da tsallen igiya. Ciwon da ka kwatanta ya yi kama da wanda likitoci ke kira Osgood-Schlatter, yana yawan kama matasa masu tsalle a lokacin da ƙashi ke saurin girma, kuma yakan lafa idan girman ya kammala. Ka rage tsalle, ka sa sanyi a wurin bayan wasa, ka je likita ya duba ya tabbatar, kuma kada ka bari a yi maka tsaga ko wani ya ba ka tramol don ka danne ciwon ka ci gaba da wasa. In kuma ba ka yi tsawo ba, ka sani Muggsy Bogues mita 1.60 ne, kuma ya yi kaka 14 a NBA.

Tambaya: Yaya, ban daɗe da fara horar da ƴan ƙasa da shekara sha huɗu ba. A gasar unguwanni da muka yi an fitar da mu, domin abokan karawarmu sun cunkushe a gindin kwando, kowa ya tsare yankinsa, kuma na tabbata biyu daga cikinsu sun girme wa ƙa'ida. Ina da wani dogon yaro, ina tunanin in dasa shi a ƙarƙashin kwando mu ma mu yi irin nasu. Sannan wani dattijo ya ce ina yi wa yaran laushi, sai da bulala suke ji. Daga matashin koci, Sabon Gari.

Amsa: Ƙanena, na san zafin da kake ji, kuma zan gaya maka gaskiya: idan ka yi abin da kake tunani, mai yiwuwa ka ci kofin baɗi. Tsaron yanki yana cin wasan yara ne don dalili ɗaya, wato ƙananan yara ba su da ƙarfin jifa daga nesa ko miƙa ƙwallo daga gefen fili zuwa ɗaya gefen, sai a toshe tsakiya a jira su yi kuskure. Amma yaron da ya girma yana tsaye a wuri ɗaya da hannu a sama bai koyi tsugunnawa ba, bai koyi matsa ƙafa ya tare gaban mutum ba, bai koyi duba ƙwallo da mutuminsa a lokaci ɗaya ba. Shi ya sa ƙa'idojin Amurka da na ambata a sama suka hana tsaron yanki ga ƙanana. Ka koya musu kowa ya riƙe nasa, da yadda ake kai wa ɗan'uwa ɗauki idan an wuce shi a kuma koma. Wanda ya iya wannan zai koyi tsaron yanki cikin mako ɗaya idan ya girma.

Batun dogon yaronka ya taɓa ni, domin na taɓa yin wannan kuskure kuma har yau yana damuna. Shekarun baya na samu yaron da ya fi tsaransa tsawo da kai guda, na hana shi buga ƙwallo da ƙasa, na ce aikinsa ya tsaya kusa da zobe ya karɓa ya saka. Mun ci wasanni da shi. Da ya kai sha bakwai tsawonsa ya tsaya, tsaransa suka kamo shi, sai ga shi ba dogo ba kuma bai iya komai na gajeru ba, ya bar wasan cikin ɓacin rai. Laifina ne, domin na yi amfani da tsawonsa ban ba shi komai ba. Ka dubi inda wasan ya dosa: Nikola Jokic na Sabiya, wanda aka zaɓa gwarzon NBA a 2021 da 2022 da 2024, dogo ne amma da miƙa ƙwallo ya yi suna, Victor Wembanyama na Faransa kuma, wanda ƙungiyar San Antonio ta ɗauka na farko a zaɓen sababbin ƴan wasan NBA na 2023, ya haura mita 2.20 yana tafiya da ƙwallo yana jifa daga nesa. Kafin shekara sha huɗu kada ka ba kowane yaro matsayi na dindindin, dogo da gajere su yi atisaye iri ɗaya. Kada kuma ka hana su tamaula ko langa ko kokawa. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya ci kofin NBA da Houston a 1994 da 1995, tsaron gida ya yi a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa ƙwallon kwando, kuma ya sha danganta gwanintar ƙafarsa da wannan. Joel Embiid na Kamaru ma ƙwallon raga da ƙwallon ƙafa ya yi, sai yana ɗan shekara 15 ya fara wannan wasa.

Rage shekaru ha'inci ne, kuma wanda ya fi cutuwa shi ne yaron da aka rage wa, domin yana cin ƙanana yana zaton ya iya. Ka nemi masu shirya gasa su riƙa karɓar takardar haihuwa tare da katin makaranta, amma kai kada ka rama da irinsa. Bulala kuwa, ka girmama dattijon, amma kada ka ɗauki shawararsa. Wannan wasa ne na yanke shawara cikin ƙiftawar ido, kuma yaron da ke tsoron duka ba ya kallon fili, fuskar koci yake kallo, ya daina gwada hannun hagu don kada ya ɓatar. Horo yana nan ba tare da duka ba: wanda ya makara ko ya zagi ɗan'uwa ya zauna a benci ya kalli wasu suna wasa, ko da kuwa shi ne gwaninka. Babu abin da ya fi wannan yi wa mai son wasa zafi.

Tambaya: Malam, ɗiyata mai shekara sha uku ta nace tana son shiga ƙungiyar ƴan mata ta makarantarsu. Mahaifinta bai hana ba, amma dangi suna ta magana kan sutura da kuma cewa namiji ne ke horar da su. Ni kaina hankalina bai kwanta ba. Daga uwa, unguwar Birni.

Amsa: Hajiya, rashin kwanciyar hankalinki ba laifi ba ne, kula ce, kuma ina so ki riƙe ta ko bayan kin amince. Maganar sutura ta fi sauƙi. Tun ranar 1 ga Oktoba 2017 dokar FIBA ta halatta wasa da abin rufe kai, kuma ƴan mata na wasa da dogon wando da riga mai dogon hannu a ƙarƙashin rigar ƙungiya. Abin da za ki kula da shi kawai shi ne ɗankwalin ya zama mai kama kai, marar allura ko wani ƙarfe, kuma kada ya yi jelar da hannun wata zai sarƙe a ciki. Ga masu cewa wasan ba na mata ba ne, maƙwabtanmu sun ba da amsa: ƙungiyar matan Najeriya ta ci kofin Afirka a 2017 da 2019 da 2021 da 2023, sannan a Olamfik na Paris a 2024, ƙarƙashin koci mace Rena Wakama, ta zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe.

Maganar mai horarwa ita ce babba, kuma ba zan rufe miki ita ba. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan cin zarafin ƴan mata a ƙungiyar matasa ta ƙasar Mali, abin da ya girgiza duk masu wannan wasa a nahiyar. Darasin da muka ɗauka shi ne kada a dogara da kyakkyawan zato kaɗai, a kafa tsari. Ki je filin da kanki ki gaisa da kocin, ki tambaya ko akwai malama ko wata uwa da ke zama duk lokacin atisaye, in babu ku iyaye mata ku riƙa karɓa-karɓa. Atisaye ya kasance a fili buɗaɗɗe, a tashi da sauran rana yadda za ta iso gida kafin magariba tare da ƙawayenta. Koci ba ya keɓewa da yarinya, ba ya ɗaukarta a babur ita kaɗai, ba ya aika mata saƙo a wayarta, duk sanarwa ta bi ta hannun iyaye. Kocin kirki zai yi murna da waɗannan sharuɗɗa, domin suna kare mutuncinsa shi ma, wanda kuwa ya ɓata rai da su ya riga ya ba ki amsa. Ki kuma saba wa ɗiyarki da ba ki labarin filin kullum, mai daɗi da marar daɗi. Abu na ƙarshe, ƴan mata sun fi maza saurin tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, saboda haka a koya musu sauka daga tsalle da ƙafa biyu, gwiwa a lanƙwashe ba ta faɗawa ciki.

Tambaya: Malam, yaya za mu yi da atisaye a lokacin bazara da kuma watan azumi? Wasu yaran suna cewa Olajuwon ma da azumi yake wasa. Daga mai horar da yara, Mirriya.

Amsa: Malam, gaskiya suka faɗa, har ma an zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu na 1995 alhali yana azumi. Amma shi babban mutum ne da jikinsa ya gama ginuwa, yana wasa a ɗaki mai sanyi da likitoci a gefe. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, simintin fili kuma yana riƙe zafin har bayan la'asar. A bazara ka mayar da atisaye bayan asuba ko dab da faɗuwar rana, ka rage tsawonsa, ka tsayar da yara su sha ruwa kowane kwata na awa ko ba su ce suna jin ƙishi ba. Mun san halin ruwa a Damagaram, don haka a sa dokar kowa ya zo da gorarsa, kuma jarka ɗaya ta ƙungiya ta kasance a inuwa kafin a taɓa ƙwallo. Yaron da ya ce kansa na ciwo, ko jiri na ɗibarsa, ko ya fara amai, a fitar da shi nan take. Idan ya rikice yana magana ba kan gado, jikinsa ya yi zafi rau, wannan ba gajiya ba ce: a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. Ka kuma tambayi iyaye tun ranar farko ko yaro yana da sikila ko asma, domin ƙishi da wahala na tayar da ta farko, ƙurar hunturu kuma na tayar da ta biyu.

A watan azumi, ga waɗanda suka balaga suna azumi, ka bar gudu da tsalle mai tsanani da rana. Rabin awa kafin shan ruwa ya isa a yi jifa daga kusa da gyaran hannu, wasa mai ƙarfi kuma a bari sai bayan an sha ruwa an huta, in filin yana da fitila kuma iyaye sun yarda. Abincinmu ya wadatar: fura da nono, wake, ƙosai, gyaɗa, zogale, dabino. Lemun gwangwani masu sa kuzari da matasa suka ɗauka ado ba su da gurbi a jakar ɗan wasa.

Tambaya: Malam, ɗana yana da shekara sha shida, tsawonsa ya kusa mita biyu. Wani mutum ya ga bidiyonsa, ya tuntuɓe mu ta WhatsApp, ya ce zai kai shi wata makarantar wasa a Turai, amma mu fara tura jika ɗari biyar na takardu tare da fasfonsa. Yaron ya daina zuwa lise, ya ce makomarsa tana can. Ina da ɗan abin da zan sayar. Daga mahaifi, Zango.

Amsa: Alhaji, don Allah kada ka sayar da komai. Duk wanda ya ga ɗanka zai amfane shi da gaske, shi ne zai kashe kuɗi a kansa, ya zo ko ya turo wakili a gan shi ido da ido, ya zauna da kai a zaurenka. Neman kuɗi tun kafin a haɗu, da gaggawar cewa dama za ta wuce, da neman fasfo a hannu, su ne alamomin da aka san masu damfara da su, kuma yaran Afirka da yawa sun tsinci kansu a yashe a ƙasashen da ba su san kowa ba ta wannan hanya. Dokokin FIBA ma sun hana mayar da ɗan wasa zuwa ƙungiyar wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu keɓaɓɓun halaye da hukumar ke dubawa da kanta, kuma wakilan ƴan wasa na gaskiya suna da lasisi da za a iya bincikawa.

Hanyoyin gaskiya suna nan, kuma a bayyane suke. Akwai sansanin Basketball Without Borders da NBA da FIBA ke shiryawa a Afirka tun 2003. Akwai makarantar NBA da aka buɗe a Senegal a 2017, wadda ke haɗa wasa da karatu. Akwai sansanonin Giants of Africa na Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya nan kusa da mu, ya kuma jagoranci Toronto ta ci kofin NBA a 2019. Pascal Siakam na Kamaru, wanda ke cikin wannan ƙungiya ta Toronto, a sansanin da ɗan wasan NBA Luc Mbah a Moute ya shirya a ƙasarsu aka gano shi. Tun 2021 kuma akwai gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka, wadda aka fara a Kigali, abin da ke nufin ɗan wasa zai iya cin abinci da wasan ba tare da ya bar nahiyar ba. Ana isa waɗannan wurare ne ta matakala: ƙungiyar gari, gasar jiha, gasar ƙasa a Yamai, sannan ƙungiyar matasa ta ƙasa, inda masu neman ƴan wasa ke zuwa kallo.

Ka zaunar da yaron ka yi masa lissafi cikin lumana, ba tare da ka kashe masa gwiwa ba. NBA ƙungiyoyi 30 ne, kowace da ƴan wasa kusan 15, wato kujeru wajen 450 ga duniya baki ɗaya, kuma sababbin da ake zaɓa a shekara ba su wuce 60 ba. Jami'o'in Amurka da ke ba ƴan wasa gurbin karatu ba sa karɓar wanda bai kammala sakandare da sakamako mai kyau ba, don haka barin lise da ya yi yana rufe masa ƙofar da yake son shiga ne. Rauni ɗaya a gwiwa kuma yana iya tsayar da wasa, amma ba ya ƙwace takardar Bak ta kammala lise.

Abin da za ka yi a wannan mako shi ne ka nemi mutumin ya ba ka cikakken sunansa, da sunan makarantar, da lambar lasisinsa, a rubuce. Ka kai su ofishin kula da matasa da wasanni na jihar Zinder, ka nemi a haɗa ka da hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta bincika. Idan ya ƙi bayarwa ko ya fara matsa maka, ka ajiye saƙonnin ka kai wa ƴan sanda, domin ba kai kaɗai ya rubuta wa ba. Fasfo da takardar haihuwar yaron su zauna a akwatinka, shi kuma ka raka shi da kanka wurin shugaban makarantarsu a mayar da sunansa cikin aji, sannan ka kai shi ga koci a nan gari wanda zai fara koya masa tafiya da ƙwallo da hannun hagu.